Filastar CBD da ake liƙawa a fata: magani ce ko talla?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman mai sani. Kwana biyun nan duk inda na leƙa a waya sai tallar wata filasta da ake liƙawa a jiki, wai daga tsiron hemp ake yin ta, tana ɗauke da wani sinadari da ake kira CBD. Sun ce tana maganin ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon mara, rashin barci, ciwon kai, har da damuwa. Hajiyarmu ce ke fama da gwiwa, kuma cikinta ya daina ɗaukar ƙwayoyin kashe zafin nan, da ta sha sai gyambon ciki ya tashi. Shi ne nake tunanin ko in saya mata. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan Lami:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif, hemp fa wiwi ne. Hajiya guda za ki liƙa wa wiwi a gwiwa? Kada ta tashi da asuba ta ce sai ta yi tsere da jikokinta.

Anti Zee:
Ɗan Lami kai dai ba ka rabo da zolaya. Maman Hanif kada ki saurare shi. Ni ina sayar da ita kuma ina amfani da ita. Ba ta bugarwa ko kaɗan. Daga tsiro take, babu sinadarin Bature a ciki, ba ta da wata illa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta wanke CBD. Ki liƙa da safe ki manta, sai washegari. Ki yi mini magana ta gefe.

Famasis Bashir:
Kafin a tafi gefe, a bari mu yi maganar a fili, don kowa ya ƙaru.

Ɗan Lami bai yi ƙarya ba, Anti Zee ma ba ta yi ba a kan batun bugarwa. Tsiro ɗaya ne. Bambancin yana wajen yawan sinadarin da ke sa maye, wato THC. Nau'in da ake nomawa don zare da iri da mai, THC ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. A Amurka dokar noma ta 2018 ce ta ja layi: wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, shi ne hemp, kuma daga wannan doka ce kasuwar nan ta buɗe. CBD wani sinadari ne dabam a cikin tsiron. Tun 1940 masanin kimiyya Roger Adams ya ware shi, wani masanin, Raphael Mechoulam, ya gano tsarinsa a 1963. Shi kaɗai ba ya sa maye.

Amma Anti, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2018 shi ne tsantsar CBD ba ya nuna alamar jawo kamu irin na kayan maye, kuma jiki yana jure shi. Ba ta ce filasta tana warkar da gwiwa ba. Magana biyu ce, a talla ne ake haɗe su.

Habu Direba:
Ni dai ba boko na sani ba, jikina na sani. Mai zaman mota tun safe har dare shi ya san ciwon baya. Wani abokin aikina ya ba ni ita. 'Yar murabba'i ce, ba ta kai tafin hannu ba, ka ɓare takardar bayanta ka manna a ƙugu. Kafin minti goma za ka ji wani sanyi yana ratsa wurin, daga baya ya koma ɗumi. Wallahi ranar har na sauka ban dafa bayana ba. Aibinta biyu: in ka yi zufa gefenta ya dinga naɗewa yana kama riga, in za ka cire kuma ta tafi da gashin wurin. Ban da wannan, ni shaida ne.

Sista Rakiya:
Malam Habu, Allah ya ƙara sauƙi. Kwalin yana kusa? Don Allah juya bayansa ka karanto mana abubuwan da aka lissafa a ciki, yadda suke a jere.

Habu Direba:
Ga shi. Na farko mentol, kashi 5 cikin 100. Sai kafur. Sai CBD miligiram 40. Sauran sunayen sun fi ƙarfin bakina.

Sista Rakiya:
Yawwa. To wannan sanyin da ka ji cikin minti goma aikin mentol ne, ɗumin kuma kafur yana da hannu. Su ne dai a cikin man zafin da kowa ya sani. Suna taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi da zafi, sai hankalin jiki ya ɗauke daga ciwon. Suna aiki, ba na musu. CBD kuwa ba shi da sanyi ba shi da zafi, ba za ka ji shigarsa ba.

Habu Direba:
Wato Sista kina nufin man zafi na saya da tsada?

Sista Rakiya:
Ban ce ba komai a ciki ba. Cewa na yi abin da ka ji, mun san mai shi.

Famasis Bashir:
Bari in ɗan tsawaita a nan, ku yi haƙuri, don a nan gizo ke saƙar.

Filastar magani ba sabon abu ba ce, kuma gaskiya ce. Ta farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1979 ce, ta sikofolamin, wadda ake liƙawa a bayan kunne don jiri da amai na tafiya. Daga baya aka samu ta nikotin ga masu son barin sigari, ta fentanil ga masu matsanancin ciwo, ta sinadaran mata, da wasu kaɗan. Ku lura da kalmar nan, kaɗan. Magunguna dubbai ne a duniya, amma waɗanda aka iya mayarwa filasta ba su taka kara sun karya ba. Dalili? Fata an halicce ta ne don ta hana abu shiga. Saman fatar matattun ƙwayoyi ne a jere, kitse ya cike tsakaninsu. Ƙarƙashinta kuma, inda jini yake, ruwa ne. Maganin da zai ratsa sai ya zama ƙarami, mai ƙarfi a ɗan mitsitsin adadi, kuma mai iya zama da kitse da ruwa duka biyun.

CBD ƙarami ne, wannan ya ci. Matsalarsa son kitse. Kamar ka shafa mai a jikin jakar fata ne: fatar za ta shanye man ta yi laushi, amma ka buɗe jakar ka duba, abin da ke ciki a bushe yake. Haka CBD ke shiga saman fata ya yi zamansa, kaɗan ne ke gangarawa zuwa jini, sai in an haɗa shi da sinadaran da ke buɗe masa hanya. Kuma ko an haɗa, sai an auna jinin mutane kafin a san nawa ya wuce.

Yanzu ku ɗauki kwalin filastar nikotin. Za ku ga an rubuta miligiram 21 cikin awa 24. Wannan adadin da ke shiga jiki ne, an auna. Ta fentanil ana rubuta maikirogiram kaza a kowace awa, 25 ko 50 ko 100. To Malam Habu, 40 ɗin da ke kwalinka fa? Abin da aka zuba a jikin filastar ne. Nawa ya bar filastar, nawa ya ratsa fata, nawa ya koma kwandon shara tare da gashin bayanka, kwalin bai faɗa ba. Duk filastar CBD da ta taɓa zuwa hannuna, ban ga wadda ta rubuta adadin da ke shiga jiki ba.

Sannan a kwatanta da inda CBD ya tabbata magani. Akwai Epidiolex, na ruwa ne da ake sha, an amince da shi a Amurka a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Ana ba da miligiram 10 zuwa 20 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Yaro mai kilo 20 ke nan yana shan 200 zuwa 400 kullum. Babban mutum kuma a ce 40, a kan fata, ya yi maganin cuta shida.

Anti Zee:
Malam Bashir, ka iya magana, amma ka ɓoye rabi. Ai an yi bincike an ga CBD da aka shafa a fata ya rage kumburin gaɓoɓi. Kamfanin da nake saro kaya sun turo mana shi. Ko shi ma ƙarya ne?

Nura Ɗalibi:
Anti, ba ƙarya ba ne, na san wanda kike nufi, kusan duk masu tallar shi suke kafa hujja da shi. Na Jami'ar Kentucky ne, ya fito a 2016. Kumburin ya ragu, alamun ciwo ma sun ragu. Sai dai a kan ɓeraye aka yi, kuma man shafawa ne, ba filasta ba. Fatar ɓera ta fi tamu saurin barin abu ya wuce, ga shi ɗan jiki, abin da aka shafa masa in aka lissafa da nauyinsa yana da yawa.

Da aka zo kan mutane labari ya canza. A 2017 wani kamfanin magani ya gwada man CBD na shafawa, wanda aka tsara musamman don ya ratsa fata, a kan masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa. A babban ma'aunin da suka sa wa kansu, bai fi man da babu magani a cikinsa ba. A Denmak ma an ba masu ciwon gaɓoɓin hannu CBD na sha tsawon mako 12, bambancin bai fito ba. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta fitar da matsaya a 2021 cewa ba ta goyon bayan amfani da sinadaran wiwi gaba ɗaya don ciwo, saboda hujja mai inganci ba ta kai ba. Ba su ce a daina bincike ba, akasin haka ma suka nema.

Ɗan Lami:
To in ɓeran gidanmu ya kamu da ciwon gwiwa na san wurin zuwa.

Yaya Talatu:
Ku bar dariya. Ni abin da ke ba ni haushi da ku ma'aikatan lafiya ke nan. Mutum ya ce ya samu sauƙi, ku ce a'a, ba ka samu ba, takarda ba ta nuna ba. Malam Habu ƙarya zai yi muku? Baiwar Allah nan ta ce ƙwayoyin asibiti sun ɓata wa mahaifiyarta ciki. Waɗannan ai masu takarda ne, an yi musu binciken, ga abin da suka yi. In filastar nan ba ta taɓa ciki, kuma tsohuwa ta liƙa ta ji daɗi a ranta ta yi barci, ina laifi? Ko sai abin da kuka rubuta ne kawai magani?

Sista Rakiya:
Yaya Talatu, kina da gaskiya a wani ɓangare, kuma ban ƙaryata Malam Habu ba. Sauƙin da ya ji na gaske ne. Abin da muke ja a kai shi ne me ya kawo shi. Ciwon baya da na gwiwa suna hawa suna sauka da kansu. Yaushe mutum ke neman sabon magani? Ranar da ciwon ya kai ƙarshe. Daga can kuma ina zai tafi in ba ƙasa ba? Duk abin da ka liƙa a ranar shi zai kwashi ladan. Ga mentol, ga kuma ƙarfin sa rai, wanda a harkar ciwo ba abin rainawa ba ne. Shi ya sa a gwaji ake raba mutane biyu, a ba rabi holoƙo, wato wanda babu magani a cikinsa, ba tare da sun sani ba.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, na kuma gan shi a wurin aiki: mutum ya yi ta rufe ciwo da manne-manne wata da watanni, ashe abin da ke ƙasa ba gajiya ba ce. Ciwon baya da ke tafe da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba na filasta ba ne kowace iri ce. Gwiwar da ta kumbura ta yi ja ta yi zafi ma haka.

Famasis Bashir:
Yaya Talatu, a kan illa na fi kusa da ke fiye da yadda kike zato. Ina ganin haɗarin filastar ga mai lafiya kaɗan ne, galibi ƙaiƙayi da jan shatin murabba'i a inda gam ɗin ya zauna. Amma dalilin da ya sa haɗarin ya yi kaɗan shi ne abin da ke shiga jinin kaɗan ne. Mai talla ba zai ci riba biyu ba. In ya ce tana shiga jini sosai har ta sa barci ta kwantar da damuwa, to ya yarda tana iya yin abin da CBD ke yi a jini: yana sa gyangyaɗi da gudawa, a adadi mai yawa yana taɓa hanta, kuma yana rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna. Mai shan wafarin na tsinka jini, ko maganin farfaɗiya irin su kulobazam da balfuro'et, ba abin wasa ba ne gare shi. In kuma ya ce ba ta da wata illa sam, to ya gaya mana ta ina take bi ta kai ƙwaƙwalwa.

Batun "daga tsiro take" kuwa, Anti, mofin ma, maganin kashe zafin nan mai sa maye, daga tsiro yake. A Birtaniya hukumar kula da abinci ta taɓa cewa babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 70 na CBD a rana, a 2023 ta dawo da shi 10 saboda hanta da maƙoƙon wuya. Wannan na sha ne, amma ya nuna ba a ɗauke shi ruwan sha ba.

Maman Hanif, ga Hajiya: akwai man shafawa na dikulofenak, wanda shi an gwada shi a kan ciwon gwiwa a mutane da yawa, kuma abin da ke kaiwa jini kaɗan ne in aka kwatanta da ƙwaya. Tunda tana da gyambon ciki, kuma ban san lafiyar ƙodarta ba, likitanta ne zai ce ta shafa ko kada ta shafa. Ki tambaye shi da sunan.

Malam Isyaku:
Ni tambayata dabam ce. An ce ba ya sa maye, na ji. Amma Malam Bashir da bakinsa ya ce akwai ɗan THC a tsiron, ko da 0.3 ne. Mun san hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan na malamai ne, kuma na san shafawa da sha ba hukuncinsu ɗaya ba a wurin da yawa daga cikinsu. Abin da nake so in sani kafin in je gaban malami: in kwali ya ce babu THC, babu ɗin ne?

Nura Ɗalibi:
Allah gafarta Malam, ba kullum ba. A 2017 masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD guda 84 ta intanet suka auna. Kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai adadin da ke ciki ya dace da na kwali, kuma an samu THC a guda 18. A 2022 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka yi irin wannan a kan na shafawa da na liƙawa, guda 105. Cikin waɗanda suka rubuta adadi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka yi daidai. An samu THC a kusan kashi 35 cikin 100, duk da bai haura iyakar doka ba, har da wasu da suka rubuta babu shi. Abin mamaki, da yawa CBD ɗinsu ya fi abin da suka rubuta, ba ƙasa ba. Wato ba lallai ha'inci ba ne, wani lokaci rashin iya awo ne, wanda ni a ganina bai fi daɗin ji ba.

Malam Isyaku:
To ka ga an dawo kan shubuha. Na gode.

Alhaji Mai Fasfo:
Ku ƙara da wannan, masu tafiye-tafiye. Kada ganin ana sayar da abu a fili a wata ƙasa ya ruɗe ka. Hong Kong ta haramta CBD ɗungurungum tun 1 ga Fabrairu 2023, ta sa shi sahun miyagun ƙwayoyi, mallaka kaɗai tana iya kai mutum shekara 7 a gidan yari. Ƙasashe da yawa dokarsu ba ta raba hemp da wiwi ba, duk abin da ya fito daga tsiron laifi ne. Jami'in filin jirgi ba zai zauna ka yi masa lissafin 0.3 ba. Kowa ya binciki dokar inda yake da inda za shi, kafin ya yi oda ma, don kayan da sunanka za su iso.

Habu Direba:
Tsaya Alhaji. Mu ana yi mana gwajin fitsari a wurin aiki lokaci-lokaci. Wannan abin zai iya fitowa?

Famasis Bashir:
Gwajin THC yake nema, ba CBD ba. Ta fata, yiwuwar ya taru har ya fito ƙarama ce. Amma ka ji abin da Nura ya ce game da kwalaye, kuma ni ba zan sa hannu a kan abincinka ba. 'Yan wasa ma haka suke ciki: hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta cire CBD daga jerin haramtattu tun 2018, amma THC yana nan a lokacin gasa, kuma in ya fito a fitsarinka ba kamfanin za a dakatar ba. In mentol ne ke yi maka aiki, akwai filastarsa zalla. Gwada ta mako biyu ka gani ko bayanka zai gane bambanci.

Habu Direba:
Zan gwada. Amma in bayana ya ce a'a, zan dawo nan in faɗa, kada ku ce ban gaya muku ba.

Sista Rakiya:
Ka dawo, muna so. Kuma ko wacce ka liƙa, ban da kan rauni ko ƙurji, ka dinga sauya wuri, kada ka ɗora ruwan zafi ko wani abin ɗumi a kanta.

Amaryar Bana:
Don Allah mai juna biyu fa? Bayana kamar zai balle, wata ta ce in gwada tunda ba sha ake yi ba.

Sista Rakiya:
A'a ƙanwata, ki bari. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a fili cewa mai ciki da mai shayarwa su nisanci CBD ta kowace siga. Ki faɗa wa ungozomarki a awo na gaba, akwai motsa jiki da ɗamarar ciki da ke taimakawa.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma kan tallar da na gani na buɗe hoton bayan kwalin. Gaban an zana ganye kore an rubuta hemp miligiram 1000 da manyan baƙaƙe. A baya kuma ban ga CBD ko sau ɗaya ba, abin da aka rubuta shi ne man irin hemp. Ɗaya ne?

Famasis Bashir:
Ba ɗaya ba ne. CBD a fure da ganye yake. Irin kusan babu komai na CBD a cikinsa, mai ne kawai, yana da kyau a abinci, yana laushin fata. Wannan 1000 ɗin nauyin man ne. Duk doguwar muhawarar da muka yi a kan ko CBD yana ratsa fata, wannan kwalin bai ma shigo cikinta ba.

Anti Zee:
Wannan ba irin nawa ba ne, a sani. Nawa an rubuta CBD ɓaro-ɓaro.

Mai Kula da Zaure:
Anti Zee, ba wanda ya ce naki ne. Amma tunda kin yi talla a nan, ga sharaɗi, kuma ya hau kan kowa. Duk mai sayar da irin wannan kaya ya ɗora takardar gwaji daga ɗakin awo mai zaman kansa, ba na kamfanin ba, mai nuna adadin CBD da na THC, kuma lambar rukunin da ke takardar ta zama ita ce a jikin kwalin. Sannan ban da cewa tana warkar da cuta kaza. Wanda bai kawo ba zan goge tallarsa.

Anti Zee:
Akwai wani ɗan tambari a gefen kwalin da ake haskawa da waya, na haska ya kai ni shafin kamfanin, amma takardar da ke wurin lambarta ba ta yi daidai da ta kwalina ba, kuma ta shekarar da ta wuce ce. Na tura musu saƙo. In sun turo zan ɗora.

Nura Ɗalibi:
Anti, in kina rubuta musu ki haɗa da tambayar Malam Bashir: cikin miligiram ɗin da suka zuba, nawa ke shiga jini a awa 24, kuma a jikin mutum nawa suka auna.

Anti Zee:
Ɗaya bayan ɗaya, Nura. Bari su fara amsa ta farkon.